"Masu buga littafin ne suka yi kuskure": yaushe ake fara koya wa ɗalibi sabon kiɗan fiyano?

Malamin Fiyano, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta hana ni sakat tun ranar Asabar, na ce bari in kawo ta gabanku. Ina da ɗalibai bakwai da nake koya wa fiyano a gida da yamma. Uku daga cikinsu sun wuce matakin farko: suna karanta rubutun kiɗa, hannu biyu na tafiya tare, amma ba su kai ga manyan kiɗe-kiɗe ba tukuna.

Ranar Asabar na ɗora wa ɗaya daga cikinsu, yarinya 'yar shekara 12, wani gajeren kiɗa na wani mai tsara kiɗa, Bartók. Akwai wurin da ake danna maɓallai biyu maƙwabta lokaci guda, sautin ya yi karo. Ta danna, ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. Ta sake dannawa, ta matso da fuska kusa da takardar, ta bi layin da ɗan yatsa, sannan ta juyo ta ce, "Malam, masu buga littafin ne suka yi kuskure." Na ce a'a, haka mai kiɗan ya rubuta. Sai ta ɗora hannuwanta a cinya ta ce ita ba za ta iya kaɗa abin da kunnenta ke gaya mata ba daidai ba ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shekara biyu ni da bakina nake koya mata haka. Duk sanda yatsarta ta zame ta haɗa maƙwabta biyu, sai in ce "a'a, sake". Yau kuma na zo ina cewa ta danna su da gangan, har da ƙarfi. Yarinya ba ta da laifi. To malamai, yaushe kuke fara shigar wa ɗalibi da sabon kiɗa? Sai ya ƙoshi da na dā, ko tun yana ɗanye?

Mai Kibod, Gusau:
Wa alaikumus salam Malam. Ni fa ban gane tambayar ba. Kiɗan fiyano na zamani ai shi muke yi kullum a sitidiyo. Yaro ya iya kod (haɗin sautukan da ake dannawa tare) uku ko huɗu, ya san yadda ake zaɓen bugu a cikin kibod, wata uku ya fara raka mawaƙi a gidan biki. Wane karo kuma?

Malamin Fiyano, Birnin Kebbi:
Yi haƙuri ƙanena, ni ne ban fayyace ba. A nan wajenmu in an ce kiɗan fiyano, hankali kan tafi ga waƙoƙin fim da na biki. Ba shi nake nufi ba, kuma ban raina shi ba. Ina nufin kiɗan da aka rubuta a takarda don hannu biyu kaɗai, ba ganga daga cikin na'ura, wanda aka yi daga farkon ƙarni na 20 zuwa yau. Galibin littattafan koyo da ke zuwa mana sun tsaya ne a kan tsohon salon Turai: dama na rerawa, hagu na raka ta, ƙirge uku ko huɗu, kowane sauti na zaune lafiya da ɗan uwansa. Sabon kiɗa kuwa kan zo da ƙirge biyar ko bakwai, ko kowane hannu ya kama gabansa, ko a danna maɓallai da tafin hannu gaba ɗaya.

Shi wannan Bartók mutumin Hangari ne. Ya rubuta darussa 153 cikin littafi shida tsakanin 1926 da 1939, ya sa musu suna Mikrokosmos, biyun farko kuma ɗansa ya yi wa. Suna farawa daga mai sauƙin gaske su hau har matakin ƙwararru.

Malama, Zuru:
Sannu da ƙoƙari Malam. Ni amsata a taƙaice ita ce: tun ranar farko. Yaran da nake koya wa, akasarinsu 'yan ƙungiyar mawaƙan coci ne, kuma na lura da abu guda. Yaro ɗan shekara bakwai in ka zaunar da shi gaban kibod ka ba shi baya, me yake yi? Ya dafa da tafin hannu, ya ja yatsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya nemo mafi kaurin sauti ya ce zaki ne. Ba ya jin tsoron kowane sauti. Mu ne muke cusa masa tsoron, sannan bayan shekara uku mu dawo muna lallashinsa.

Akwai wani mutumin Hangarin ma, Kurtág, wanda ya fara rubuta wa yara jerin kiɗe-kiɗe a 1973 a kan wannan tunani. Sunan jerin da harshensu yana nufin wasanni. A ciki akwai wanda tafin hannu kawai ake sa wa, akwai na jan yatsa. Ni ba ni da littafin duka, shafuka kaɗan ne a hannuna, amma dabarar na ɗauka. Minti biyar na ƙarshen kowane darasi na yaro ne. In ce masa, "Yi mini hadari yana haɗowa daga gabas, sannan yayyafi, sannan ruwa ya tsuge." Yaron da ya saba da wannan, ranar da ya ga maƙwabta biyu a takarda ba ya cewa kuskure ne, cewa yake tsawa ce.

Tsohon Hannu, Yauri:
Malama, da girmamawa, ban yarda ba. Na fi shekara 20 ina wannan aiki. Yaron da ba a kafa masa hannu ba, in ka sake shi yana dukan maɓallai da tafi, wuyan hannunsa zai sandare, kuma gyaran wannan sai an sha wuya. Tsanin sauti tukuna, da zaman yatsa, da karatu. Wanda bai iya tafiya ba ba a koya masa tsalle.

Sannan mu faɗa wa juna gaskiya game da kayan aikinmu. Mu nawa ne a nan ke da fiyano na katako mai maɓalli 88? Wanda ma ke da shi, ya san abin da hunturu da zafin watan Afrilu ke yi wa saitinsa, ga mai gyara sai an ɗauko shi daga nesa. Kusan dukkanmu Yamaha ne ko Casio mai maɓalli 61, marar nauyi. Sabon kiɗan nan rabinsa a kan launin sauti ya dogara: wannan a shafa, wancan a sara, wani a bar shi yana amo har ya mutu da kansa. A kibod ɗin da ko ka danna a hankali ko da ƙarfi sauti ɗaya yake bayarwa, me za ka koyar? Wasu ƙananan ma sauti 32 kawai suke iya fitarwa lokaci guda, ka taka feda mai riƙe sauti ka dafa da damtse sai su fara yanke na farko.

Malama, Zuru:
Baba, maganar kibod gaskiya ce, ba musu. Ni ma sai da na tara kuɗi na sayi mai jin nauyin yatsa, na haɗa da feda, kafin wasu darussan suka yiwu. Amma batun sandarewar hannu, abin da na gani akasin haka ne. Dafawa da tafi daga kafaɗa take fitowa, hannu a sake. Yaran da suka fi sandare mini su ne waɗanda aka yi wata shida ana bugun yatsunsu da rula a kan tsanin sauti. Kuma ban ce a bar tushe ba. Minti biyar na ce, cikin arba'in.

Dattijo, Argungu:
Salamu alaikum. Ni ba malamin hiyano ba na, jikana as sa ni cikin zauren ga don shina koyo. Amma gidan kiɗi na tashi, kalangu na riƙa tun ban kai shekara goma ba. Ina son in tambayi Malam na Birnin Kebbi: ɗiyar ga taka, ba ta taɓa jin algaita da kakaki sun haɗu ƙohwar sarki ba? Wanga karo da kuke hwaɗi, mu cikinai munka girma. Mai garaya da gangan shika maƙala ƙarhe bisa kan garayatai don ta riƙa zuza, in ka cire shi sai ya ce ka kashe mai kiɗi. Kunnenta ya san abin ga sarai. Abin da ba ta sani ba, an yarda a yi shi bisa hiyano.

Amma ku sani akwai abin da akwatin ga naku bai iyawa. Kalangu in na matse tsarkiya da hammata sai murya ta hau, in na saki ta sauka, shi ya sa shika magana, shika kiran sunan mutum har ya waiwayo. Naku kowace murya an ɗaure ta wuri guda.

Malamin Fiyano, Birnin Kebbi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi wannan magana ta buɗe mini ido. Yarinyar kuwa duk sallah tana zuwa kallon hawa. Abin da kuka ce game da ƙarfen garaya ya tuna mini da wani Ba'amurke, John Cage, wanda a 1940 ya fara cusa kusoshi da roba tsakanin tsirkiyoyin fiyano don ya yi ƙara irin ta ganguna. Abin da aka ɗauka baƙon abu a can, mai garaya ya daɗe da saninsa. Batun ɗaure murya kuma haka yake: an raba tsani gida 12 daidai wa daida, abin da ya faɗa tsakanin gida da gida, kamar yadda goge ko kukuma ke yi, fiyano ba ya kai wa gare shi.

Ɗalibin Kiɗa, Kaura Namoda:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in sa baki. Na yi karatun kiɗa a kudu, kuma abin da ke damuna shi ne duk misalan da ake kawowa na Turawa ne, alhali 'yan Afirka sun yi wannan aiki tuntuni. Farfesa Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, shi ya yaɗa tunanin a riƙa kaɗa fiyano kamar ganga: maimaici, bugu a kan bugu, hannu biyu su zama makaɗa biyu. Joshua Uzoigwe, wanda ya rasu a 2005, ya ɗauko kiɗan gangunan ukom na ƙasar Ibo ya zuba shi a fiyano. Farfesa Nketia na Gana ya rubuta darussa 12 musamman don masu koyo. Sannan William Chapman Nyaho ya tattara kiɗe-kiɗen fiyano na 'yan Afirka da baƙaƙen fata na ƙetare cikin littafi biyar, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kamfanin ɗab'i na Oxford ya buga. Littafi na ɗaya da na biyu daidai suke da ɗaliban Malam uku ɗin nan.

Kai, har Ligeti, mai tsara kiɗa ɗan Hangari, wanda manyan makaɗan duniya ke gumi a kan darussansa na 1985 zuwa gaba, ya faɗa da bakinsa cewa sauraron kiɗan Afirka ta Tsakiya ya shiga cikin aikinsa. Su suna zuwa ɗiba a rijiyarmu, mu kuma muna hana yaranmu guga.

Tsohon Hannu, Yauri:
Ɗana, sunaye ka jero, kuma na san su. Ka taɓa zaunar da yarinya 'yar shekara 12 gaban kiɗan Uzoigwe? Uku a kan biyu kaɗai, ɗalibi kan yi wata guda yana faɗuwa.

Ɗalibin Kiɗa, Kaura Namoda:
Baba, a takarda yake faɗuwa. Ku je dandali ku ga 'yan mata suna gaɗa, tafi na wani ƙirge ƙafa na wani. Ku tsaya bakin turmi ku ji lugude. Ba wadda aka zana wa komai a allo. Ni ga yadda nake yi: a kashe kibod, a zauna kan benci. Dama ta bugi cinya sau uku, hagu sau biyu, baki na cewa "tare, dama, hagu, dama". A yi ta yi har a daina ƙirgawa. Sannan a kunna, a ba hagu maɓalli ɗaya, dama ɗaya. Takarda ita ce ta ƙarshe, kuma in ta zo yaro kan ce "au, ashe wannan ne".

Ƙirge bakwai ma haka. Biyu, biyu, uku ne, Bartók ya yi amfani da shi a kiɗe-kiɗensa na salon Bulgeriya. Ni cewa nake su rera "Zuru, Jega, Argungu" suna tafi a farkon kowane gari. Ban taɓa ganin yaron da ya wuce minti goma bai kama ba.

Mai Kibod, Gusau:
To yanzu kun zo gidana. In dai kunne ne gaba, me ya kawo takardar? Dankwairo bai karanta rubutun kiɗa mai layi biyar ba, Narambaɗa bai karanta ba, kuma har gobe ba a yi kamarsu ba. Yarana na sitidiyo sau ɗaya suke jin waƙa su fitar da ita.

Malama, Zuru:
Ɗan uwa, su fitar da ita a wane gida? Ina samun irin yaranka. Komai a fararen maɓallai suke kaɗawa, in mawaƙi ya hau sai su danna maɓallin ɗaga murya, na'ura ta yi musu aikin. Hannun hagu kuwa yatsa uku ne a daskare, don shi ke tuƙa gangar cikin kibod. Kunnensu zinariya ne, ban musa ba, amma hagunsu bai taɓa yin magana da kansa ba. Su Dankwairo da ka ambata, ai makaɗan kotso na bayansu kowa da nasa bugun, ga 'yan amshi, ba wanda na'ura ta ɗauke wa nauyi. Sabon kiɗan da muke magana ya fi kusa da wannan fiye da na sitidiyo. Takarda kuma amfaninta shi ne yaro a Zuru ya kaɗa abin da wani ya tsara a Akara ba tare da sun taɓa haɗuwa ba.

Mai Kibod, Gusau:
Maganar hagu kin faɗi gaskiya Malama, ta taɓa ni. Ni kaina in aka kashe mini ganga hagu na rasa abin yi. Amma kar ku raina kunne.

Uwar Biyu, Jega:
Malamai, ku ji ta bakin iyaye. Ni na sha magana a dangi kafin a bar ɗana ya fara, har da masu cewa za mu mai da shi maroƙi. Kuɗin darasi nake biya, ga batir da sola saboda wuta. Rannan kakarsa ta zo ta ce ya kaɗa mata abin da ya koya, ya yi wani abu mai tsalle-tsalle, ta saurara har ƙarshe ta ce, "To yaushe za ka fara?" Yaron ya shige ɗaki, ranar bai ci tuwon dare ba. Ina son ya ci gaba, amma ina son kuma in ga takardar shaida, in kuma ji abin da zan gane.

Malamin Fiyano, Birnin Kebbi:
Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika faɗi wannan, don mu malamai mukan manta da gida. Batun shaida: MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Nijeriya da ke Onikan a Legas, wadda aka kafa a 1983, tana shirya jarrabawar matakai. ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, ita ma tana da mataki 1 zuwa 8, kuma tun 2020 ta fito da tsarin da ake ɗaukar ɗalibi a bidiyo a tura ta intanet. Kiɗa huɗu ake yi a wannan tsari, uku daga jerinsu, ɗaya zaɓin ɗalibi. Kin ga akwai wurin sa namu ke nan. Jerin nasu ma ba na mutanen dā ba ne zalla, akwai na marubutan da ke raye.

Batun kaka kuwa ya fi shaida nauyi a wurina. Ki ce wa malaminsa ya nuna masa baƙaƙen maɓallai. Biyar-biyar suke, kuma waƙoƙinmu da dama a kan sauti biyar suke tafiya. Ya nemo waƙar reno ko ta daka da kakar ta sani, ya fitar da ita a kan baƙaƙen da dama, hagu kuma ya riƙe ɗan gajeren bugu guda yana maimaitawa kamar kuntuku a bayan kalangu. Shi Bartók ɗin ma haka ya fara, ƙauye-ƙauye ya bi da na'urar ɗaukar murya yana tattara waƙoƙin manoma, har Biskra ta Aljeriya ya je a 1913.

Dattijo, Argungu:
Baƙaƙen nan jikana ya gwada min. Sun yi kusa, ba su kai ba, amma tsohuwa za ta gane waƙarta. Sai dai ku riƙa tambayar masu abu kahin ku ɗauka, kuma ku hwaɗi wurin wanda kunka ji.

Tsohon Hannu, Yauri:
Na karanta duka. Har yanzu ina kan bakana game da dafawa da tafi ga ɗan farko, ba zan yi ba. Amma rufe kibod a buga a cinya, wannan zan gwada. Kuma in za a sa kiɗan gida, a rubuta shi daidai, da lambar yatsa a kan kowane sauti, kar a bar yaro ya yi ta laluben da zai zame masa ɗabi'a.

Malamin Fiyano, Birnin Kebbi:
'Yan uwa, na dawo da labarin jiya Asabar. Ban buɗe littafin ba sam. Na kunna mata hawan sallar bara a wayata, daidai inda algaita ta shiga kan kakaki, na ce ta nemo mini wannan ƙarar a kibod. Ta yi ta lalube da yatsa ɗaya, ta ce babu. Na ce ta gwada da biyu. Ta gwada nesa da nesa, ta matso, ta matso, har ta faɗa kan maƙwabtan nan biyu da ta ƙi makon jiya. Ta riƙe su, ba ta janye ba. Ta ɗago ta dube ni, ta miƙa hannu da kanta ta jawo littafin, ta nemo shafin.

Ba ta kaɗa shi da kyau ba tukuna, layi na uku hagu na rigan dama, kuma ta ce har yanzu ba ta son ƙarshensa. Na ce ta rubuta nata ƙarshen ta kawo mini mako mai zuwa, mu kaɗa biyun mu ji.

Baba na Argungu, ina da roƙo. In jikanku zai ɗauko mana bugu biyu ko uku na kalangu a waya, a hankali, kowanne da sunansa, ni da ƙanenmu na Kaura Namoda za mu zauna mu rubuta su don hannu biyu, Baba na Yauri ya duba mana lambar yatsu, sunanku kuma a saman takardar.

Dattijo, Argungu:
Ba komi. Sai dai ba a waya ba, waya na cinye ƙasan kalangu. Argungu ba nisa, ku taho ranar Lahadi bayan la'asar, ku zo da akwatin naku da ɗiyar in iyayenta sun yarda. Ku riƙo batir, wutarmu ba ta da tabbas.